Ƙofar da Nubia Ta Rufe

Duk wanda ya tashi a Santa Rita ya san teburin Doña Leonilde. Yana gefen dandali, daidai inda motocin jif ke sauke masu tsinkar kofi da yamma, kuma a nan take gasa arepa, wato wainar masara, a kan gawayi tun kafin a shimfiɗa kwalta a garin. Doguwa ce, mai tsabta har ta wuce misali. Farin ƙyallen da take ɗaurawa a gaba ba ya kwana da tabo, siket ɗinta kullum yana share idon sawu, gashinta a naɗe tsaf a ƙeya. Ranar Lahadi ita ce ke jan waƙa a coci, da murya mai kauri da ake ji har bakin kasuwa. Mata kan ce ko ƙawarta Herminia, wadda suka yi 'yammatanci tare, ba ta taɓa ganin gwiwar Leonilde ba.

Nubia ce kaɗai 'yarta. Uban yarinyar magini ne, ya faɗo daga saman wani gini Nubia tana rarrafe, aka kawo shi gida a kan ƙyaure. Nubia ba ta tuna shi. Abin da ta taso ta gani shi ne uwa wadda ba ta hawa kujera ta canja ƙwan lantarki, ba ta leƙa ƙasa daga kan gada, ba ta zama a benen coci ko da biki ake. A wurin yarinya wannan abin dariya ne, kamar yadda wasu iyayen ke tsoron kwaɗo. Ta girma tana tsokanarta da shi, uwar kuma ta kan ce, "Allah ya ba ni ƙafa ne, bai ba ni fiffike ba," su yi dariya a wuce wurin.

Nubia ta yi firfitar gawayi, ta yi tsinkar kofi har cinnaku da sauro suka kore ta, ta yi aure bai daɗe ba ta dawo ɗakin uwarta. Da aka mayar da tsohuwar gonar da ke ƙasan gari wurin shaƙatawa, aka kafa lilon sama da ke ratsa kwarin gora daga tudu zuwa tudu, tana cikin waɗanda aka fara ɗauka aiki. Da shara ta fara, daga nan sayar da tikiti, daga ƙarshe aka tsayar da ita a bakin ƙofa a tashar sama.

Aikin ƙofa ba shi da wuya ga mai kallo. Akwatunan gilashi ne rataye a jikin igiyar ƙarfe, su shigo tasha a hankali ba tare da sun tsaya cak ba. Nubia ta kama hannun mutum ta shigar da shi, ta ja ƙofa, ta buga sakata ta waje. Ta waje kaɗai ake buɗewa, don kada wani ya firgita a sama ya yi wauta. Wuyar aikin ita ce matsorata, masu turjewa a bakin ƙofa layi ya tsaya a bayansu, kuma a nan Nubia ta yi suna. Bakinta akwai zuma. Ta ce wa ƙaton namiji, "Shiga, maigida, matarka fa na kallonka." Ta ce wa tsohuwa, "Kaka, daga sama addu'a ta fi saurin isa." Kafin dariya ta sake su sun zauna, ƙofa ta rufu. Shugaban tasha kan ce ranar da Nubia ke aiki layi ba ya taruwa.

Shekaru suka wuce Doña Leonilde ba ta taka wurin ba. Sai wani watan Mayu, lokacin ruwa, aka ce ranar bikin iyaye mata kowane ma'aikaci ya kawo mahaifiyarsa kyauta. Nubia ta sa uwarta a gaba.

"Mama, kowa zai kawo tasa. In ce musu ni daga kabewa na fito?"

"Ki ce musu taki tana da hankali."

"Ki zo ki ga furanni kawai, ki ci abinci. Ba wanda zai ɗora ki a kan komai."

Herminia ce ta ƙarasa aikin. Gajera ce mai ƙiba, mai sayar da cuku, wadda tun mutuwar mijinta ba a yin sha'ani babu ita. Ta ce, "Leonilde, kin kusa shiga rami ba ki taɓa ganin rufin gidanki ba. Tashi mu je."

Suka je. Leonilde ta sa shuɗin siket ɗinta na zuwa coci da baƙin takalmi mai ɗan tudu. Suka zaga lambu, suka ci wake da soyayyen naman alade, aka raba wa iyaye furanni. Bayan azahar hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, Herminia ta jawo ƙawarta har tashar sama, wai su ga Nubia a bakin aikinta. Suna tsaye, abokan aikin Nubia suka yi ta gaishe su, wani ya ce, "Doña, 'yarki ta hau da rabin ƙasar nan, ke kaɗai kika rage." Aka yi dariya. Wani akwati ya shigo babu kowa a ciki, Herminia ta faɗa ciki ta miƙo hannu.

Leonilde ta dubi jama'a, ta ga duk ita ake kallo. Ba ta son a ce ta ba 'yarta kunya a gaban mutane. Ta sa ƙafa ta shiga, ta zauna a bakin benci. Akwatin yana tafiya a hankali zuwa ƙarshen dandamali, inda ƙasa ke yankewa. Da ta hango sararin, sai ta miƙe, ta zuro ƙafa ɗaya waje.

"Nubia, bari in sauka."

A hankali ta faɗa, ba wanda ya ji sai 'yarta. Maɓallin tsayar da lilo yana nan a gefen hannun Nubia, ta sha danna shi saboda mai keken guragu ko yaron da takalminsa ya faɗi. Amma ta riga ta saba da wannan turjiya, ta ji ta sau ba adadi, kuma duk wanda ta tura ya dawo yana mata godiya. Ta sunkuya ta mayar da ƙafar uwarta ciki, tana murmushi.

"Mama, kafin ki gama addu'a ɗaya kin isa. Wannan abin bai taɓa tsayawa ba."

Ta ja ƙofa, ta buga sakata. Ta gilashi ta ga uwarta ta koma ta zauna, ta damƙe furenta da hannu biyu.

Akwatin bai kai tsakiyar kwari ba tsawa ta faɗi a kan tudun da ke can tsallake. Fitilun tasha suka mutu, igiyar ta yi wata irin girgiza, komai ya tsaya. Akwatunan suka yi ta lilo a sama, ruwa ya kece. Aka tayar da injin ko-ta-kwana, ya yi ruri, amma ta rediyo aka ce a kashe: girgizar ta zamar da igiyar daga kan taya a ɗaya daga cikin turakan da ke riƙe da ita, in aka ja, abin zai fi haka muni. Sai dai a sauko da mutane da igiya, akwati bayan akwati.

Nubia ta san yadda ake yi, ta sha ganin masu ceto suna gwaji da buhunan yashi. Mutum ya hau turke, ya rataya a jikin igiyar ƙarfe ya zame har kan rufin akwati, ya buɗe ƙofa, ya ɗaura wa kowa ɗamara ya zuro shi ƙasa. Ta kuma san ba za a fara ba sai tsawa ta lafa, kuma da masu jarirai da marasa lafiya za a fara. Ta kira wayar uwarta, ta tuna tana gida a kan firji. Ta kira Herminia.

"Muna nan, 'yar nan," in ji Herminia, muryarta ba wasa a ciki. "Ta zauna a ƙasa. Ta rufe ido. Ku dai yi sauri."

"Ba ta wayar."

Nubia ta ji ƙarar ruwa a kan gilashi, sannan muryar Herminia ta dawo. "Ta ce ba yanzu ba."

Nubia ta tsaya a tasha tana kwantar wa dangin mutane hankali, bakinta na faɗin abin da aka koya mata, cewa akwati ba ya faɗowa, cewa kowa zai sauko lafiya. Da ta ji ta rediyo an kusa kaiwa ga nasu, ta bar wurin ba ta nemi izini ba. Ta gangara kwari ta cikin gora, taɓo har ƙauri, tana zamewa tana tashi. A ƙasa ta tarar da taro: waɗanda aka riga aka sauko da su suna lulluɓe da leda, da ma'aikatan gonar maƙwabta da suka zo kallo. Kusan kowa waya na hannunsa, a ɗage sama.

Gildardo ne ya isa akwatin, tsohon mai hawa turakan lantarki, mutum mai haƙuri. Herminia aka fara zurowa, tana saukowa tana zagin wanda ya ƙirƙiro lilo da uwar da ta haife shi, jama'a na tafi. Sannan aka daɗe. Daga ƙasa ana ganin Gildardo durƙushe a bakin ƙofa yana magana, yana magana. Daga bisani Doña Leonilde ta fito.

Ɗamarar ceto ta tsakanin ƙafafu take bi. Da nauyin tsohuwar ya sauka a kanta, shuɗin siket ɗin ya tattare har ƙugu. Iska ta kama ta tana juya ta a sarari, idonta a rufe, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan yana ta neman jawo siket ƙasa ya kasa. Gashinta ya kwance. Wani saurayi a bayan Nubia ya ce, "Kaka ta fito da kayan gado," wasu suka ƙyalƙyale. Nubia ta juya tana cewa su sauke wayoyin, don Allah su sauke, uwarta ce. Biyu suka sauke. Sauran ba su ma ji ta ba.

Da ƙafar Leonilde ta taɓa ƙasa, Nubia ta cire rigar aikinta ta ɗaura mata a ƙugu. A nan ta gane ba ruwan sama kaɗai ya jiƙa siket ɗin ba. Uwar ta buɗe ido, ta dubi ƙafafunta, ta ce, "Takalmina ɗaya ya faɗi."

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane a ranar. Masu wurin suka yaba wa ma'aikata, aka gyara igiya, bayan bincike aka sake buɗewa. Amma kafin gari ya waye bidiyon ya gama zaga Santa Rita. Wani ya ɗora masa kiɗan rawa. Direbobin jif suna nuna wa juna, yaran makaranta suna kwaikwayo a kan reshen mangwaro. Ba don mugunta ba ne duka, da yawa ma tausayi suke ji, sai dai sun gani, kuma ta san sun gani.

Doña Leonilde ba ta fita da teburinta ba a makon nan, ta ce sanyi ya kama ta. Ranar Lahadi ba ta je coci ba. Fada, limamin cocin, ya zo da kansa, ta karɓe shi a falo, ta ba shi kofi, ta ce muryarta ce ta dushe. Gawayin da ta saya ya zauna a bayan gida har ya yi danshi.

Abin da ya fi cin Nubia shi ne ba wanda ya ɗora mata laifi. Ba wanda ya ji abin da uwarta ta ce a bakin ƙofa. Herminia ma cewa take ita ce ta jawo, tana dukan ƙirji. Wata rana ta tare Nubia a bakin shagon cuku, ta ce, "Kin san sunan wa ta yi ta kira a sama? Na ubanki. Ban ji ta ambace shi ba tun ranar jana'iza. Ta ce min ita ta kai masa abinci ranar, a gabanta ya faɗo." Nubia ba ta taɓa jin wannan ba. Ta tsaya riƙe da cuku a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta. Duk shekarun nan tana tsokana, ba ta taɓa tambaya ba.

Da yammar nan ta sami uwarta tana tsince wake a kan tire. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mama, kin ce in bari ki sauka."

"Na ce."

"Na ji ki. Da na danna, da ya tsaya. Ki yafe min."

Leonilde ta ture wata tsakuwa gefe da farce. "Ai ba ke kika aiko tsawa ba. Tashi ki ɗora ruwa."

Da zagi ta yi, ko ta ɗaga hannu ta mare ta, da Nubia ta sami sauƙi. Amma uwar ta ci gaba da dafa mata abinci, tana goge mata rigar aiki, tana tashinta da safe, sai dai dariyar da suke yi tare ta ɗauke kamar ruwan rani.

A wurin aiki bakin Nubia ya mutu. Da ta ga mutum ya ɗan ja da baya, sai ta danna maɓalli ta ce ya fito ya sha iska. Wasu ma ba tsoro suke ba, jaka suke gyarawa. Layi ya fara kaiwa har matakala. Shugaban tasha ya kira ta gefe, ba da faɗa ba, ya ce, "Nubia, hawa da mutane aka ɗauke ki yi, ba sauke su ba. Ko in mayar da ke tikiti ki huta?" Ta ce a bar ta a ƙofa.

Gildardo ne ya same ta a wurin cin abinci. Ya ce tun ranar nan abin na damunsa shi ma. Buhun yashi ba ya sa siket, ba ya rufe ido, ba ya ƙanƙame benci. Yana son gwajin da za a yi ranar Litinin, da wurin ke rufe, a yi shi da mutane, amma ma'aikata duk sun noƙe.

"Ke da kike tura mutane sama kullum, an taɓa sauko da ke?"

"A'a."

"To ga dama."

Ranar Litinin Nubia ta zo da dogon siket. Abokan aiki suka yi ta tsiya, wai ko coci za ta. Ta shiga akwati ita kaɗai, wani ya buga mata sakata, aka kai ta tsakiyar kwari aka kashe inji. Ta sha hawa lilon nan, amma ba ta taɓa zama a cikinsa yana tsaye ba. Shiru ya yi yawa. Iska kaɗan ta isa ta sa akwatin ya yi ƙara. Ta sa hannu ta taɓa ƙofar, ta san sarai ba za ta buɗu ba, duk da haka ta tura. Kafin ta ji takun Gildardo a kan rufi, rigarta ta jiƙe da gumi. Da ya buɗe, ya ɗaura mata ɗamara, ya ce ta zauna a bakin ƙofa ta saki jikinta, sai ƙafafunta suka ƙi. Ta ƙanƙame ƙarfen benci tana kuka kamar yarinya. Gildardo ya durƙusa ya yi ta magana, yadda ya yi da uwarta, har ta saki. Siket ya tattare, igiya ta juya ta, kan gora na zuwa yana wucewa. A ƙasa ba kowa sai abokan aikinta uku, kuma duk sun kawar da kai.

Bayan wannan gwajin ne aka saka faffaɗan wando mai zariya a cikin kowace jakar ceto, aka kuma ce a riƙa korar 'yan kallo daga ƙarƙashin akwatin da ake saukewa. Nubia ba ta ji wani daɗi ba. Gyara ne mai kyau, amma ga wasu.

Ta koma gida da shatar ɗamara a cinyoyinta, tana tafiya a tale. Uwar tana tsakar gida tana wanke masara, ta dube ta sama da ƙasa.

"Me ya sami siket ɗina?"

Na uwar ne kuwa, Nubia ba ta da dogo. Ta zauna a bakin rariya ta ba ta labari, tun daga sakata har ƙasa. Leonilde ba ta daina cuɗa masarar ba.

"Kin yi kuka?"

"Na yi."

"A gaban Gildardo?"

"Har da majina."

Tsohuwar ta tsiyaye ruwan. Sannan ta ce, "Mutumin nan akwai surutu. Ni labarin akuyarsa ya yi ta ba ni."

"Ni ma shi ya ba ni."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Leonilde, bai kai dariya ba. Ta tura mata roba da ƙafa. "Ki wanke min siket ɗin da hannu, kada ki sa a inji. Zo ki niƙa wannan, hannuna ya gaji."

Doña Leonilde ba ta koma dandali ba. A gida take gasa arepa yanzu, Herminia ta ɗauka ta sayar tare da cukunta, masu tsinkar kofi suna cewa ba ta kai ta kan gawayin bakin hanya daɗi ba. Coci ta koma bayan Kirsimeti, amma addu'ar safiya, wadda tsofaffi ke zuwa, kuma a bencin baya take zama. Wata budurwa ce ke jan waƙa. In aka zo inda yarinyar ke kuskure, Leonilde kan gyara a ƙasan maƙoshi, waɗanda ke kusa kaɗai ke ji.

Nubia tana nan a ƙofar tashar sama. Ta rage danna maɓalli barkatai, layi ya daidaita, wani lokacin har ta ɗan yi raha da yara. Amma in mutum ya tsaya a bakin akwati fuskarsa ta canja, ba ta ƙara yi masa wasa. Sai ta matso ta tambaye shi a hankali, yadda na baya ba zai ji ba, ko ya fi son ya bi ta ƙasa, akwai hanya ta cikin lambu, kuma ta fi kyau ma da rana. Wasu su ce a'a su shiga. Wasu su yi ajiyar zuciya su juya, ita kuma ta ce wa 'yan rakiyarsu takalminsa ne ke damunsa.

Ranar Lahadi da ba ta aiki, ita ke raka uwarta coci. Ta bayan kasuwa suke bi, duk da ta dandali ta fi kusa. Nubia ba ta taɓa cewa su canja hanya ba.